Na cire mods, dakali kaɗai ya rage

Jama'a, yau na ci gardama, amma ni kaɗai na rage a garin da muka gina.

Kun san wasan ginin nan na kyauta da nake buɗe mana a tsohuwar laptop ɗina a Tumfure. Ni da abokina Bitrus muka fara shi, kafin aiki ya kai shi Kaltungo. Da safe muka kaure da musu a waya. Na ce wasan ya fi daɗi yadda masu shi suka sake shi, ƙasa da dutse da itace kawai.

Ya ce, "Malam Sadiq, wannan ai tuwo ne ba miya. Don mu ƙara namu suka bar shi a buɗe."

Na ce tarkacen da yake ƙara wa wasan, wato mods, su ke sa laptop ɗina zafi.

Ya ce, "To cire mana, ai kayanka ne." Ya kashe waya.

Ni kuwa na cire mods ɗin kaf, na shiga.

Wallahi tsit. Shanunmu babu ko ɗaya. Keken da muke yawo a ciki ya ɓace. Benen Bitrus ya koma tarin bulo, kowanne da rubutun Turanci wai wasan bai san shi ba.

Abu ɗaya ne nasa bai taɓu ba, dakalin hirar da ya gina min a ƙofar gida. Ashe da dutsen asali ya yi shi, irin wanda nake so.

Na tura masa hoton, har yanzu bai buɗe ba.

Ina nan a dakalin. Duk mai data ya shigo, don Allah.