Burodi a Rijiyar Inna Ma'u

Duk mai harka tsakanin Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari ya san Zacchaeus. Ko bai san sunansa ba, ya san adaidaita sahunsa da ke tafe da dilar atamfa tana rangaji. 'Yan dako Zakka Dogo suke ce masa. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Zariya, ya shigo Kano yana saurayi, daga shi sai jaka ɗaya da wani tsohon littafi da uwarsa ta cusa masa a ciki. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi yaron mota, kafin Allah ya ba shi wannan keke. Ba ya sha, ba ya zagi, ranar Lahadi ba ya fashin coci. Aibinsa ɗaya ne, barci. Bawan Allahn nan in ya zauna wuri ɗaya, to sai dai a tashe shi.

Littafin nan na labaran bayin Allah ne na dā, an rubuta shi da Hausa don yara, ba hoto ko ɗaya, bangonsa ya yi laushi don tsufa. Da shi uwarsa ta rene su. Ta dawo daga gona, ta yi daka, ta yi tuwo, sannan ta kunna fitila, ta zuba ruwan randa a kwano ta tsoma ƙafafunta a ciki don kada gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ta kai labari ƙarshe, a yi addu'a, sannan a kwanta. Zakka yakan ba da wannan labari da alfahari, ya ce tsohuwarsa ba ta taɓa barin labari a tsakiya ba.

A Fagge yake haya, gidan Inna Ma'u, wata dattijuwa mai ƙosai, mai faɗa kuma mai kyauta. Ɗaki biyu ya kama, shi da matarsa Martina da 'yarsu Angel, 'yar shekara biyar. Karatun kwanciya aikin Martina ne. Shi nasa ya shigo ya ce amin.

Sai ciwo ya kwantar da surukarsa a Zariya, dole Martina ta tafi jinya. Ta bar Angel saboda makaranta. A tasha ba ta yi masa maganar abinci ko wanki ba, ta san Inna Ma'u na nan. Abu ɗaya ta roƙa.

"Baban Angel, don Allah karatun nan kada ya tsaya. Mun fara labarin Yusufu."

"Haba, wannan har abin roƙo ne?" in ji shi.

Kuma a gaskiya bai tsaya ba. Kullum bayan an ci tuwo, masallacin layi ya idar da isha'i, Zakka yakan sauko da littafin daga saman kwaba, ya miƙe a gefen katifa. Angel kuwa ba ta yarda a ci gaba daga inda aka tsaya, sai an koma farko, wajen rigar nan mai ado da uban Yusufu ya ba shi. Ya karanta riga, ya karanta mafarki, ya karanta hassadar 'yan'uwa. Da an zo inda suka tuɓe masa rigar suka jefa shi rijiya, muryarsa ta fara ja, littafi ya kife a ƙirji, sai minshari. Gobe ma haka, jibi ma haka. In Martina ta bugo waya ta tambaya, sai ya ce, "Kullum muna yi." Bai yi ƙarya ba, amma kuma bai faɗi gaskiya ba, shi ma ya sani.

Ana cikin haka sai rigima ta tashi a gidan. Duk wanda ya jefa guga a rijiyar tsakar gida sai ya jawo da jiƙaƙƙen burodi. Wata rana har da ƙosai. Ruwa ya fara ɗoyi, Inna Ma'u ta yi ta sababi. Zakka da ya fi kowa baki ya tsaya tsakar gida yana nuna ɗakunan maƙwabta, wai mutane su riƙa yi wa 'ya'yansu tarbiyya, shi dai duk yaron da ya kama sai ya zane shi, ko ɗan waye. Kai, Zakka!

Wata Laraba da hantsi yana cikin lodi a Kwari wayarsa ta yi ƙara. Inna Ma'u ce.

"Baban Angel, bar abin da kake yi ka zo gida yanzu."

Ya tarar da ita zaune a kan tabarma, ɗankwalinta a ƙasa, ta rungume Angel da kayan makaranta a jikinta. Gefen rijiya ga bokiti a kife.

"A kan wannan na same ta," in ji Inna Ma'u. "An taso su da wuri, ina ɗaki ban ji shigowarta ba. Rabin jikinta a ciki, ƙafafu a sama. Wallahi da riga na fizgo ta."

Tsoro ya juye masa ya zama fushi. Ya ɗaga hannu, ya daka tsawa, "Ashe ke ce! Me kike nema a rijiya?"

Yarinya ta ɗago ido, hannunta da sauran guntun burodi a dunƙule.

"Yusufu nake kai wa, Baba. Ba wanda yake ba shi abinci. In na kira shi yana amsawa."

Hannun nan ya sauko da kansa. Burodin da yake saya mata kullum da safe don ta ci lokacin tara a makaranta, shi ne. Ba ta ci a makaranta, sai ta ɓoye a jaka ta dawo da shi. Ya tuna kwanan nan ya ce yarinyar ta rame, ya ɗora laifin a kan kewar uwa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ya iya kallon kowa. Dogon mutum ya tsuguna a gaban rijiyar.

Inna Ma'u ta tura Angel ɗaki, sannan ta juyo kansa.

"Kai wane irin karatu kake yi mata? Annabi Yusufu ai mu ma mun san shi, kowa ya san ya fito. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in gaya mata, na ce a'a, wanda ya jefa shi ciki shi zai fito da shi. Sai ka san yadda za ka yi."

Ranar bai koma Kwari ba. Ya nemo kafinta aka yi wa rijiya murfi da kwaɗo. Ya bi ɗakunan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Ya kira Martina ya gaya mata komai, sai ta ce, "Abu ɗaya fa na roƙe ka." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da magariba, tun kafin a ci tuwo, ya ari kwanon Inna Ma'u, ya cika shi da ruwan sanyi, ya zauna a kujera ya tsoma ƙafafunsa. Angel ta ce a fara daga riga, ya fara daga riga. Da aka zo rijiya yarinyar ta ja zane za ta kwanta, don a saninta nan ne ƙarshe.

"Tashi, da saura," in ji shi.

Ya karanta mata yadda aka jawo Yusufu, fatake suka tafi da shi wata ƙasa, ya sha wuya, ya shiga kurkuku, ya fito ya zama babba, har ya ciyar da 'yan'uwan da suka jefa shi, ya rungumi tsohon ubansa. Angel na zaune, ido buɗe, ko motsi ba ta yi ba sai da ya rufe littafin.

"Baba, yaushe ya fito?"

"Tun tuni, 'yata. Tun kafin a haife ni."

"Kai ka sani?"

"Na sani."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, mamaki ne kawai.

"To me ya sa ba ka gaya mini ba? Ina ta jin yunwa a makaranta."