Guɗar Jummai ta Ƙarshe

Yayata Jummai maguɗiya ce. In ta kama hanci ta saki murya a Kalgo, mutanen Dangoma sukan rantse sun jiyo ta daga gona. Ban yarda ba, amma ban taɓa musu a gabanta ba, don bakinta ya fi nawa kaifi.

Da kakar 1955 jaki ya harbe ta a kasuwa, muƙamuƙinta ya karye. Muka hau motar gyaɗa zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya gyara ƙashin, ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya. Tafinta ya ce kwana arba'in ba buɗe baki, sai kunu ta giɓi.

Ga shi an riga an sa ranar auren Rahmatu, 'yarta tilo, saura kwana ashirin. Dangin ango na Gwandu suka ce ba a ɗagawa. Na ce ni zan yi guɗar. Ta harare ni, ta yi magana ta cikin haƙora: "Na yi ma ɗiyan kowa guɗa, tawa ɗiya ta hita shiru?"

Ranar kai amarya da hantsi ta sulale maƙera, ta matsa wa Garba maƙeri har ya yanke wayar da awartaki. Da aka fito da Rahmatu ta rangaɗa guɗa sau uku. Wallahi ban taɓa jin mai daɗinta ba. A ta ukun na ga haɓarta ta karkace.

Kafin mako fuska ta kumbura, ƙashin ya kama ruɓa. Muka koma Sakkwato. Wannan karon sai da aka yanka ta ƙarƙashin haɓa aka cire guntun ƙashi. Ta warke, amma bakin bai ƙara buɗuwa fiye da yatsa biyu ba, leɓen ƙasa kuma ya mutu.

Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. Kewa ce ta cinye ta, ni ma haka. Ko wane biki sai ta je, ta zauna bakin ƙofa tana kushe guɗar wasu: "Wagga kuka ta ka yi ko guɗa?"

Ranar sunan ɗan Rahmatu na fari, da aka shigo da labarin suna, hannunta ya tafi hanci da kansa. Mata duk suka yi tsit suna jiranta. Ta daɗe riƙe da hancin. Sannan ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Yi mashi ke, Hadijatu. Ki ja ta da tsawo."