Rahoton Baba na Bayan La'asar

A bakin Baba na fara jin kalmar rahoto, tun kafin in san ana rubuta shi a takarda. Tsohon gardi ne, mai sintirin gwamnati, ya yi shekaru yana yawo bisa raƙumi tsakanin Gure da rijiyoyin arewa, in ya dawo ya ƙame gaban kumandan ya faɗi abin da ya gani. A biro, wato ofis, rapor suke cewa, ta Faransanci. Shi kuwa rahoto ya fi so, wadda ya tsinta a rediyo da bakin 'yan Najeriya masu zuwa sayen kanwa, su ma daga Ingilishi suka aro ta. Wai ta fi cika baki.

Kuma ba ya yarda a haɗa ta da labari. "Labari kowa na da shi, har mahaukacin kasuwa," in ji shi. "Rahoto abin da idonka ya gani ne, da inda ka gan shi, ka faɗa wa mai hakkin ji, ka ja bakinka. Babu an ce, babu ina jin, babu wataƙila." Muna yara, in ka zo masa da ƙarar wani ka fara da an ce, to kai za ka sha ranƙwashi, ba mai laifin ba.

Da ya bar aiki ya rasa kumandan, sai mu muka zama kumandan. Kullum bayan la'asar zai taso daga zaure, ya tsaya tsakar gida hannuwa a gefe, ya ba da rahoton yini: akuyar maƙwabta ta shigo ta ci dusa, mai ruwa ya wuce da jakinsa, wani baƙo ya tambayi hanyar tasha. Mu yi ta ƙunshe dariya. Daga baya yanar ido ta rufe masa gani, har ba ya bambance ni da ƙanwata sai mun yi magana. Bai fasa ba, rahoton ne kawai ya ƙanƙance. "Inuwa ta wuce ta gabas, ban gane mai ita ba."

Shekarar da nake magana, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, Yaya ya hau moto, wato babur, ya yi arewa da Alakos sayen raguna wajen makiyaya, layya ta matso. Shi ne ɗan farin gidanmu, kuma ya san dajin nan. Bazara ce mai zafin da kare ma ba ya fita. Ya ce ranar kasuwa zai dawo. Kasuwa ta ci ta watse, bai dawo ba. Salularsa ba ta shiga, amma can dama ba ta shiga, shi ya sa ba mu tayar da hankali ba.

Kashegari bayan la'asar Baba ya tsaya inda ya saba.

"Da rana tsaka yaron nan ya zo ƙofar zaure. A ƙasa yake, ba moto. Rawaninsa a hannu. Ya tsaya, bai shigo ba, ya juya."

Na zabura na leƙa waje, na ɗauka da gaske ya iso. Ba kowa, sai rairayi da sawun kaji. Na dawo raina a ɓace. "Haba Baba! Ni da nake gabanka ba ka gani na, sai wanda ke Alakos?"

"Uwata," ya ce, haka yake kira na don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ke ban gan ki ba. Shi na gan shi."

Da wani tsoho ne sai in ce ruɗewar tsufa ce. Amma mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa jin ya faɗi abin da bai gani ba?

Inna tana bakin murhu ta ba mu baya. Kunyar ɗan fari ba ta bari ta tambayi lafiyarsa, ko ta nuna ta damu, ko a gabanmu. Ludayin dai na ga ya tsaya a hannunta.

Ranar da ta biyo baya Baba ya ce Yaya ya zo, ba takalmi, leɓensa ya tsage. Ban tsaya jin sauran ba, na yafa gyale na tafi gidan kawunmu, ƙanen Inna. Aka gaya wa jandarma, kawu kuma ya samu mota ya ɗauki samari suka bi hanya. Ban faɗa masu dalilin gaggawata ba. In ce me? Makaho ya gani?

Daga nan gidanmu ya koma wani iri. Da azahar ta gota sai kowa ya rasa abin yi, muna jiran la'asar kuma muna tsoron ta. Na yi masa faɗa, na ce ya daina, zai kashe Inna da ranta. Ya ce shi ba ya zaɓen abin da ke zuwa ƙofa. Na ɗauki tabarma na zauna kusa da shi a zaure da rana tsaka, in gani da idona. Titi fayau, iska ko kaɗan babu, sai hucin rana na rawa bisa rairayi. Can na ga ya ɗaga kai, fararen idanun nan suna bin wani abu sannu sannu daga hagu, har suka tsaya a dokin ƙofa, ƙasa ƙasa, daidai inda kan mutum zai kai in yana zaune. Na duba har idona ya yi ruwa. Ba komai. Na tashi na shige gida, ban sake zama a zauren nan ba.

"A zaune ya zo yau," ya ce da la'asar. "Ya jingina da bango. Bai iya ɗaga kai ba."

Kawu ya yi waya daga wani tudu: sun samu moton kwance gefen wani kwari, ba mai a ciki, iska ta share sawu. Suna bin rijiya rijiya.

Da yammacin nan ina taya Inna tankaɗe, ta yi magana ba ta dube ni ba, muryarta kamar ba tata ba. "Mutuwa ta kowa ce. Ni dai kada a bar shi a fili, angulu su riga mutane." Iyakar abin da na taɓa ji ta faɗa a kansa ke nan. Na fashe da kuka, ita ta ci gaba da tankaɗe.

Sai aka yi kwanaki Baba na tsayawa ya ce bai zo ba. Shirun nan ya fi komai ciwo. Da ina hana shi magana, yanzu ni ke tare shi tun bai gama sallama ba. Na rame, na daina zuwa lakwal, yaran ajin da na bari ma ban tuna da su ba.

Ran nan Baba ya shigo ya tsaya inda ya saba. Hannuwansa na gefe.

"Ya zo. A tsaye. An yi masa wanka tas. Farin ƙyalle sabo a jikinsa, har kai. Ƙasa a kafaɗarsa ta dama."

Ƙanwata ta kurma ihu. Ni na rufe shi da faɗa, ban san ma me nake cewa ba, wai ya yi shiru, kawu bai yi waya ba, ba wanda ya ce komai, ba wanda ya ga komai. Baba ya zauna nan bisa turmi.

Inna ta sauke tukunya. Ta wanke hannunta, ta goge da bakin zane, ta zo ta durƙusa gabansa.

"Malam, ƙyallen ya rufe ƙafafun?"

"Ya rufe."

Ta sauke wani dogon numfashi. "Alhamdu lillahi. Ya samu mutane."

Sannan ta juyo gare ni ta ce in shiga maƙwabta in aro tabarmi, za a fara zuwa gaisuwa.