Albasar Bawku

Wawan da ke cikin wannan labari ni ne, kada mai karatu ya wahalar da kansa yana nemansa a gaba. Na faɗa tun da wuri don na san halin mutanen zango. In ban faɗa da bakina ba wani zai faɗa mini, kuma tasa ta fi zafi.

Ni fita ne, wato makanike. Manyan motoci na gyara a Magazin, unguwar masu gyaran mota, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Makaranta kuwa leƙa ta na yi, na koyi rubuta sunana da sunan kayan mota, ticha ya ga bakina ya fi hannuna gudu, ya ce in je in nemi sana'a. Bakin nan shi ne abin da aka fi sanina da shi. Ba ka wuce ƙofar gidanmu a unguwar Akwatialine ba ka tafi da sabon suna ba.

Wanda ya fi kowa shan bakina taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Faci yake yi a bakin titi, tayar tirotiro, motar hayar nan, da ta babur. Gidansu na bayan namu, ɗan lungu da kwata ne suka raba mu, tagar ɗakina ma bencin da yake zama da yamma take kallo. Shekarun baya aka yi masa aikin gwaiwa. Da na je dubiya na tsaya a kansa, na ce, "To, yau an yi wa mai faci faci. Sun tsoma ka a ruwa kuwa, sun ga ba ka fitar da iska?" Ya yi dariya har ɗinkin ya nemi buɗewa, nas ta kore ni. Tun daga ranar ya zama Tsohon Tiyub. Matan famfo suka ɗauka, masu wache, shinkafa da waken nan, suka ɗauka, har liman ya taɓa kiransa haka da kuskure ya yi istigfari. Shi kuma kullum sai ya kaɗa kai ya ce, "Ci gaba. Kai ma za ka shiga gareji, ina nan zaune."

Sai ga wuya ya fara yi mini tsiya. Ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni, in sha magani ya lafa, bayan wata biyu ya dawo da ƙannensa. Ba belu ba ne, wannan wanzami ya cire tun ina jariri. Wasu tsokoki ne biyu a gefe-gefen maƙogwaro, likita ya ce da su tonsil. Karo na ƙarshe suka yi ruwa har na kasa buɗe baki. Likitan ya leƙa da tocilan, ya ce, "Baba, sai an cire. Yawanci yara muke yi wa, amma naka sun ƙi girma." Ya ƙara da cewa babba ya fi yaro shan wuya, sai in daure da abu mai sanyi da laushi.

Ban ji maganar shan wuyar ba. Kalmar yara kawai na ji. Ni da furfura har a gira, a yi mini aikin yara, a ba ni ƙanƙara in tsotsa, taubashina na bayan taga? Ai da sunan da zai laƙa mini za a kira ni har a maƙabarta.

Na ce wa matata, "Hajiya, duk wanda ya tambaya, na tafi Bawku, can arewa. Motar wani tsohon maigidana ce ta mutu a can."

"Alhaji, kai da ka bar gyara? Wa zai yarda?"

"Ki dai faɗa. Ƙwararre ba ya ritaya."

Ta dube ni kallon da take yi wa nama in ta ga mahauci ya cika mata ƙashi, ta ce Allah ya kyauta.

Aka yi aiki. Ranar Juma'a aka sallame ni, na ce wa mai tasi ya yi ta zagaye da mu har sai maza sun shiga masallaci. Na shiga gida da tawul a ka, na kashe waya, na sa aka sauke labule. A lokacin ina ganin ko sojoji ba su iya tsara shiri kamar nawa ba.

Yanzu bari in gaya wa wanda bai sani ba: mutum ba ya sanin yawan miyan da yake haɗiya sai an yanka masa wuya. Kowace haɗiya kamar an fasa kwalba an ce tura ta ciki. Na koma tofarwa a gwangwanin madara. Ciwon bai tsaya a wuya ba, ya hau kunnuwa yana sukar su daga ciki. Da na ɗauki madubin Hajiya na buɗe baki, sai na ga ramuka biyu sun yi fari fat kamar an shafa musu toka. Warin kuwa, ni kaina ina kau da kai daga kaina. Na zaci kullum sauƙi zai ƙaru, ashe abin sai an kwana biyu yake zama da gindinsa.

Hajiya ta sayo mini koko, ta manta kokonmu na nan da citta da barkono ake dama shi. Kurɓa ɗaya na yi na ga kakannina. Goro, da ban taɓa kwana ban ci ba tun ina saurayi, sai dai in sansana in ajiye. Ƙamshin shito, soyayyen yajin nan, na shigowa ta taga, ni ina zaune da tuwon da aka dama ya zama ruwa. Tunda na tafi Bawku, ba ni da ikon zuwa bayi a gidan haya mai mutum talatin. Fo aka ajiye mini a bayan ƙofa. Tsohuwar nan ita ke fita da shi a rufe da zane.

Abin da ya riƙe ni shi ne wata 'yar kula da ke zuwa kullum da rana. Matar taubashina tana da firiza, ƙanƙara da fura take sayarwa. Sai ta miƙo wa Hajiya ta ce ga shi saboda zafin gari. Ledojin ruwa ne da suka daskare, da fura mai sanyi an dama ta sumul. Na lura furar ba yaji ko kaɗan, na ce a raina matar nan rowar citta ta fara.

Da yamma kuma sai in ji su a benci. Muryar taubashina ta fi ta kowa tashi, kamar yana magana da kurma.

"Wai wace irin mota ce wannan da ta ƙi tashi a Bawku? Ko kafireto ne ya toshe mata?"

Aka yi dariya. Ni kuwa ina ciki ina tafasa. Mai faci, jahilin banza, motar dizel ina ta ga kafireto? Na buɗe baki in gyara masa, wuya ya tuna mini inda nake.

Wata yamma benci ya yi shiru. Washegari ma haka. Kula dai ta zo, amma wata maƙwabciya ce ta miƙo ta. Hajiya ta shigo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta cika yi ba.

"Ɗan'uwanka ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa ya shanye. An kai shi asibiti, sun ce a dawo da shi gida."

Na yi mata alama da hannu, yana magana?

"Bakin ya karkace, amma ana ganewa. Yana tambayarka."

Muryata a kwanakin nan kamar ta ɗan akuyan da aka taka wa wuya. Na tattara ta na ce, "Jibi."

"Jibi me?"

"Jibi zan dawo."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Taku nawa ne? Ka yafa tawul ɗinka ka tsallaka kwata ka gan shi."

Na girgiza kai. Ga abin da na lissafa, kuma ina so a rubuta shi yadda yake don kada a ce na yi wa kaina ado. Na ce shanyewar jiki ba ta kisa da sauri, na san waɗanda suka shekara goma a kwance. Na ce in na shiga yanzu da wannan murya da wannan wari, zai gane, ko da rabin baki ne sai ya rama. Na ce jibi murya ta ɗan dawo, in shigo da jaka, in tsaya a kansa in ce tiyub ya sake sacewa, ya yi dariya, shi ke nan. Har na aiki Hajiya kasuwa ta sayo albasa ja, irin ta Bawku, wai tsaraba. Ta sayo, ta dire ta a tsakar ɗaki da ƙarfin da sai da biyu suka gangara ƙarƙashin gado.

Washegari bayan azahar na ji wata mace ta yi salati da ƙarfi a bayan bango, wasu suka amsa. Ba wanda ya gaya mini komai, ba na bukata.

Na ji ana jan ruwa. Na ji an kawo makara, ƙarfenta ya bugi bangon ɗakina don lungun ya yi ƙunci. Na ji muryoyin da na sani tun muna yara suna cewa a sassauta, a ɗaga ta nan. Hajiya ta ɗauko rigata da hula ta ajiye a kan gado, ta fita wurin mata.

Na sa rigar. Na je har bakin ƙofa na kama sakata. Sai na ga abin da zai faru: in fito daga ɗakin nan, kowa ya san ina ciki tun farko, ina ciki yana kirana. Ɗazu kunyar ciwon yara nake ji, yanzu ta haifi wadda ta fi ta. Na tsaya a nan har suka ɗauke shi. Ta ƙarƙashin tagata suka wuce, na ga farin likkafani ta ramin labule, ya yi mini ƙanƙanta.

Kuka ya taso, wuya ya ƙi ba shi hanya. Na yi wani yunƙuri, sai na ji ɗumi da gishiri a baki. Ɓawon ciwon ne ya ɓalle. Na tofa a gwangwani, ja wur, na sake tofawa. Likita ya ce in haka ta faru a koma asibiti da gaggawa. Ban kira kowa ba. Na buɗe kular jiya, akwai sauran leda ɗaya da ba ta gama narkewa ba, na fasa na cika baki da ita, na zauna a ƙasa da rigar jana'iza. Allah bai nufa ba, jinin ya tsaya. Da Hajiya ta dawo ta ga gwangwanin, ta dube ni ta ce, "Ko gawa biyu kake so a fitar daga lungu ɗaya?"

Ranar addu'ar uku na dawo daga Bawku. Na fita ta ƙofar baya da sassafe, na zaga ta bakin titi, na shigo da jaka a kafaɗa da ledar albasa a hannu. Wandona sai da na ɗaure shi da igiya don ramar da na yi. Maza na zaune a ƙarƙashin rumfa. Suka ce sannu da hanya, ya hanya, ya mutanen can. Ba wanda ya dube ni a ido. Na ɗauka baƙin ciki ne.

Na shiga wurin matarsa. Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu, firizar na gurnani a kusurwa. Na durƙusa na ajiye albasar.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa. Wallahi da ina gari..."

"Alhaji, kar ka rantse. Wuyanka bai warke ba."

Ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar da tasi ta sauke ka yana gida, ciwon ƙafa ya hana shi masallaci. Ya gan ka da tawul. Ƙanƙarar nan shi ya ce in riƙa aika maka. Shi ya ce kada in sa yaji a furar. Ya gaya wa 'yan benci duk wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba shi ba shi, a bar ka ka fito da ƙafarka. Har suna ya haɗa maka. Kullum sai in gan shi yana dariya shi kaɗai yana goge tiyub, ya ce wannan ya fi naka, da shi za a binne ka."

To, ku ji halin da ba ya barin mutum. Ina durƙushe a gaban mai takaba, idona cike da ruwa, amma abin da bakin nan ya fitar shi ne, "Wane suna?"

Ta tura ledar albasar da ƙafa ta dawo gabana.

"Bai faɗa wa kowa ba, ya ce na mai shi ne. Da ka tsallako kwata da ka karɓi abinka."