Sunan da Uwani Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya yi aikin masaƙa a Sharada ya san Uwani mai tuwo, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. A bakin get take zama da tukwanenta, injina na ruri a ciki, ita tana ruri a waje, kuma nata ake ji. Hayaƙin itace ya dushe mata maƙogwaro amma bai taɓa harshen ba. Manaja ya kore ta, ta matsa taku kaɗan ta sake girka murhu. Masaƙar ce ma ta riga ta tashi.

Da tuwon nan ta raini 'ya'yanta bayan mutuwar mijinta. Ɗan farinta Bashir ya zama direban tirela a Dakata. Tun ranar suna bakin Uwani bai taɓa furta sunansa ba, don ita mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. In maganarsa ta taso sai ta ce "wancan", ko "mai mota", ko ta yi shiru ta kau da kai, kowa kuma ya gane.

Da tsufa ya zo, yana ta rufe mata ido. Ga hawan jini. Ga gidansu na Zawaciki da rana ba kowa, don autarta Badi'a tana fita aiki wani ƙaramin kamfani a Bompai, inda suke koya wa sifika jin Hausa. Uwani ba ta ganin lambobin waya, in ta faɗi ba mai ji. Shi ya sa Badi'a ta kawo mata ɗaya daga cikin kayan aikinsu, wani abu kamar gwangwanin madara, ta ajiye kusa da gado.

"Inna, magana kawai za ki yi. Ki ce a kira wane, sai ta kira."

Uwani ta gwada. Gwangwani ya kira Badi'a, ya kira Lami maƙwabciya, ya kunna mata tafsiri. Har ta fara yi masa sannu da aiki.

"Saura Yaya," in ji Badi'a. "Shi ne mai mota, shi zai kai ki asibiti in wani abu ya faru."

Uwani ta gyara zama. "Kira min..." Sai ta yi shiru.

"Ban ji suna ba. A sake faɗa," in ji gwangwani.

"Ai ba za ki ji ba, 'yar nema! Uwarsa ma ba ta ji daga bakina ba, balle ke."

"Inna, ke ce uwar tasa."

"To, kin ga."

Badi'a ta yi lallami. Ta ce ba mutum ba ne, ƙarfe ne da waya, ba wanda zai ji. Uwani ta ce ita za ta ji. Badi'a ta ce to a sa masa "mai mota" a ciki, shi ke nan. Nan ma tsohuwa ta murje ido.

"In na kira shi da abu ɗaya yau, gobe, jibi, ai ya zama sunansa. Kin mai da ni marar kunya ta bayan gida. Ku da kuka ce kuna koya mata Hausa, wace Hausar? Ta gidan rediyo? Ni ba zan koyi maganar gwangwani da furfurata ba. Ita ce baƙuwa, ita za ta koyi tawa."

Badi'a ta yi fushi har da hawaye. Ta ce ranar da jini ya hau, kunya ce za ta tuƙa mota? Uwani ta ce Allah na nan, ta juya fuska bango.

Sai dai yarinyar jinin uwarta ce, ba ta sakin abu. Ta kai maganar wurin aiki. Aka ce ai tsohuwa ɗaya ce. Ta ɗauki na'urar naɗar murya ta bi gidajen Zawaciki da Challawa, wajen tsofaffin da suka yi talla da wankin fata. Wata ba ta faɗar sunan miji, wata na suruki. Wata Fanna, wadda ta zo daga Nijar, takan yi ɗan tari ne a gurbin sunan. Badi'a ta kwashe duka ta kai. Aka daɗe ana gyara, ana kawowa, Uwani na gwadawa tana zagi, ana mayarwa. A ƙarshe aka koya wa abin cewa a gidan nan, in an ce "kira min" aka yi shiru, to kada ya tambaya, mutum ɗaya ake nufi.

Uwani ta ƙi gwadawa. Ta ce ba ta kiran ɗan fari don wasa.

Wata rana da hantsi, ta fito alwala, jiri ya kwashe ta a bakin ƙofar ɗaki. Ƙafa ta ƙi ɗauka. Ta tattaro muryar nan da ta fi ƙarfin injinan Sharada.

"Ke! Kira min..."

Ta rufe baki. Gwangwani bai ce komai ba. Sai ga ƙarar waya tana shiga, sai ga hayaniyar manyan motocin Dakata.

"Inna? Lafiya? Inna!"

Uwani tana kwance a ƙasa, ta kau da kai kamar yana tsaye a gabanta.

"A gaya wa wancan," ta ce, "in ba shi da lodi, ya biyo ta gida. Kuma ya bi a hankali, ba mutuwa nake ba."