Walimar Sauka a Falona, Ɗaliba Tana Bayan Teku

Waɗanda ke falona a unguwar Kurayyat ta Jidda ranar su ne ni, da jikata, da uwarta, da 'yar Chadi mai sayar da turare, da ƙanwar marigayi mijina wadda ba ta cin abinci sai ta kushe shi. Sai Hajiyar Safa, wadda saboda ita aka yi taron, ko da yake ba a gaya mata ba.

Ita ce ta fara yaɗa cewa jikata tana kulle ɗaki tana hira da maza a kwamfuta. Alhali yarinyar wani zauren mata ta shiga a intanet, aka ba ta matan wani tsibiri can tsakiyar teku tana biya musu karatun Alƙur'ani, don ba su da malama mace. Kwamfuta ɗaya ce a garin nasu, a shagon wani mutum, sai ya tayar da janareta suke zuwa. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san yadda magana ke tafiya a Jidda. Idan ta kai unguwar Ammariyya, an gama da sunan yarinya.

Da jikata ta ce ɗaya cikin matan ta sauke, sai na ce za a yi walima.

“Sitti,” in ji jikata, don haka ake kiran kaka a nan, “tana bayan teku fa. Wa zai ci?”

“Ke ji da karatunki. Ban taɓa ganin saukar da ba a ɗora tukunya ba.”

Aka soya waina, aka dafa shinkafa da kaza. Na sa aka ɗora kwamfutar kan matashi a gaban ɗaki, inda mai sauka ke zama, aka aje mata nata farantin. Ƙanwar mijina ta tambaya ko kwamfutar ma gaishe ta ake yi.

Muka zauna muna kallon wani ɗan zobe yana juyawa a fuskar abin. Aka sha shayi, aka ci waina, zobe na ta juyawa. Jikata sai danne-danne take, gumi ya jiƙe mata ɗankwali.

Can sai fuska ta bayyana: ƙaton namiji da singileti da gemu, ya washe baki. “Ahlan ya ustaza!”

Hajiyar Safa ta aje kofinta a hankali. “Masha Allah. Ɗalibar ke nan? Karatu ya karɓe ta.”

Mai shagon ne. Ya ce jirgin ruwa mai kawo kaya ya iso bayan dogon jira, matan garin kaf sun tafi bakin ruwa neman fulawa da gas, har da mai saukar. Bai rufe baki ba janaretansa ya mutu.

Hajiya ta ƙulla sauran waina a leda. A bakin ƙofa ta dafa kafaɗata. “Yaya, sai haƙuri. Yaran yanzu ne.” Daga taga na hango ta ta kara waya a kunne tun kafin ta shiga mota.

Jikata ta shige ɗaki tana kuka, wai halas, ta bar koyarwar. Uwarta ta ce ai gara hakan.

Washegari da safe na naɗe kwamfutar a zane, na tasa yarinyar gaba, muka hau tasi zuwa unguwar Safa. Hajiya ta buɗe ƙofa da buroshi a baki. Na wuce ta, na zauna a tsakiyar falonta, na ce a nuna wa jikata inda za ta jona wuta.

“Ɗora shayi, Hajiya,” na ce. “Ba inda za mu, ke ma ba inda za ki, sai matar nan ta karanta kin ji da kunnenki.”