Muryar Sallaou Ba Ta Kai Gona Ba

Duk wanda ya zauna a Tanout a shekarun baya ya san muryar Sallaou, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyon karkara: wanda raƙuminsa ya ɓata, wadda ta sauka lafiya, ranar da masu allurar rigakafi za su zo. Siriri ne, ba shi da kwarjini a ido, amma in ya zauna gaban makirfo ya yi sallama sai ka ɗauka wani ƙato ne ke magana. Ya daɗe a wannan aiki, har ranar da injin watsa shiri ya ƙone. Aka ce za a kawo wani daga Yamai. Aka yi ta jira har aka gaji, aka kulle ɗakin. Ga mata ga yara, gona kuma ba ta kai su ko rabin shekara. Sai ya hau motar da kowa ke hawa, ta Agadas, ya ƙetare sahara ya sauka a garin Sabha.

A Sabha ba wanda ya tambaye shi murya. Lebura ya zama a unguwar Hajara, yana kwaɓa siminti yana miƙa wa magina bulo. Tafin hannunsa ya tsattsage, ƙurar siminti ta sa masa tarin da ba ya warkewa. Bai cika magana a shantiye, wato wurin gini, ba, har wasu abokan aikinsa suka ɗauka miskili ne.

Wata rana suna gyaran wani gida, mai gidan ya fito da tarkacen ɗansa da ya gama jami'a ya tafi Tarabulus, ya ce wanda ke so ya ɗauka. A ciki akwai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, murfinta a fashe ta gefe. Sallaou ya naɗe ta a rigarsa ya kai wa Abdulbaƙi, wani Bakano mai gyaran waya a kasuwa. Abdulbaƙi ya kunna ta, ya daɗe yana kallo.

"Malam Sallaou, wannan ba irin wadda muka saba ba ce. Linuks ne a kanta. Kyauta ake bayar da shi. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta shi, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gyara."

"To ai da sauƙi ke nan, tunda kowa na iya gyarawa."

"Kowa da ya iya dai," in ji Abdulbaƙi. "Ni waya na koya. Kuma ta tsufa, in na ce zan sauya mata wani ba za ta ɗauka ba."

A cikinta Sallaou ya tarar da manhajar naɗar murya mai kama da wadda ya yi aiki da ita a Tanout. Daga nan abin ya faro. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya rufe ƙofar ɗakin da suke haya, ya rataya bargo a taga saboda hayaniyar titi, ya naɗi shiri. Ya sa masa suna Saƙon Gida. Mutane daga Damagaram da Tanout da Tasawa suna turo masa saƙon murya ta WhatsApp, shi kuma ya yanka, ya jera, ya karanta sunaye da muryarsa, ya tura wa ƙungiyoyin 'yan Nijar da ke Sabha da kewaye. Wayarsa ba ta iya wannan aikin, don ƙura ta daɗe da shiga bakinta, kira da ɗan gajeren saƙo kawai take iyawa.

Shirin ya karɓu fiye da yadda ya zata. Da yawa daga leburorin ba su iya karatu ba, wasu kuma an karɓe musu waya a shingen bincike, ba su da lamba. A gonakin Wadi Bawanis, ma'aikata kan taru a inuwar dabino ranar Juma'a da yamma, a ajiye waya guda a tsakiya, kowa ya kasa kunne ko za a kira sunansa. Ta shirin ne wani ya ji an yi masa ɗa namiji. Ta shirin aka gano wani da aka daɗe ana zaton ya mutu a sahara. Sallaou bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Abin da yake samu shi ne, in ya shiga kasuwa ya yi sallama, sai wani ya waiwayo ya ce, "Kai ne na Saƙon Gida?"

Matsalar ta fara ne ranar da kwamfutar ta nemi a sabunta ta, shi kuma ya danna mata amincewa. Da ta gama ya sake kunnawa, sai sauti ya yi ƙasa. Ya ja alamar ƙara har ƙarshe, amma abin da ke fita daga lasifikar bai wuce raɗa ba. Ya koma wurin Abdulbaƙi. Abdulbaƙi ya yi ta karanta abin da wasu masu irin wannan matsala suka rubuta a intanet, kowa da tasa shawarar, wasu ma suna musu da juna. Ya buɗe wani baƙin allo ya kwafi rubutu ya zuba, sai ga wasu sanduna kore da ja sun fito. Ya ɗaga su, sauti ya dawo. Da aka kashe aka kunna, suka sake faɗuwa. A ƙarshe ya gano wurin da ake ba ta izinin wuce iyakar ƙararta, ya buɗe mata.

"Ga shi yanzu tana ihu," in ji shi. "Ka lallaɓa da haka, in na samu sarari zan duba sosai."

Abin da su biyun ba su lura ba shi ne, ba lasifikar kaɗai ta yi ƙasa ba. Makirfon ma ya yi. Ƙarar da Abdulbaƙi ya buɗe ta fita ce kawai, tana kumbura duk abin da aka kunna a kan kwamfutar, amma ba ta ƙara komai a cikin abin da aka naɗa.

A wannan makon ne saƙon wata tsohuwa mai suna Koubra ya iso, daga wani ƙauye kusa da Tanout, da wayar maƙwabci. Ta ce ɗanta Djafarou yana aiki a wata gona a Wadi Bawanis, an daɗe ba a same shi a waya ba. Matarsa Kaltoumi ta haihu, jini bai tsaya ba, tana kwance, sunansa kawai take kira. Tsohuwar ba ta ce ya zo ba, ta san nisan hanya. Cewa ta yi ya nemi waya ya kira, Kaltoumi ta ji muryarsa.

Muryar Koubra ta zo a dusashe saboda iska, don haka Sallaou ya karanta saƙon da bakinsa, ya sa shi a farkon shiri, ya maimaita a ƙarshe. Ya saurara a kunnensa, ya ji rangadau. Ya tura.

Sai da aka kwana biyu, a wurin cin abincin rana, wani magini ya ce masa, "Malam, ba ka da lafiya ne ran Juma'a? Ba mu ji komai ba. Kamar kana magana daga cikin rijiya."

Sallaou ya karɓi wayar mutumin ya kunna, ya manna ta a kunne. Can ƙasa ya ji kansa, kamar ƙudan da ya shiga kwalba. Nan take ya tura ainihin saƙon Koubra a duk ƙungiyoyin, ya haɗa da rubutu. Amma saƙo ne guda a cikin gaisuwa da wa'azi da hotunan da ake zubowa dare da rana, kuma mutanen gona ba sa zama su saurara sai Juma'a. Ya nemi mudir, wato mai kula da aikin, ya ba shi rana guda ya je ya nemo Djafarou da kansa. Mudir ya ce ana zuba dakali, wanda ya tafi kada ya dawo.

Kafin Juma'a ta zagayo, saƙo na biyu ya zo daga wayar maƙwabcin. Kaltoumi ta rasu, jaririyar tana hannun kakarta.

Sallaou bai naɗi shiri ba ranar. Bayan sallah ya hau ƙaramar bas zuwa Wadi Bawanis, ya sauka ya bi gonaki da ƙafa yana tambaya. Rana ta yi sanyi kafin aka nuna masa wani saurayi dogo, yana gyara bututun ban ruwa a tsakanin kunyoyin albasa. Sallaou ya yi sallama. Saurayin ya miƙe yana murmushi tun kafin ya amsa.

"Baba, ai na gane muryar. Kai ne na Saƙon Gida."

"Ni ne. Kai ne Djafarou ɗan Koubra?"

Murmushin ya tafi. Sallaou ya ja shi gefe suka zauna a bakin kwata, ya faɗa masa saƙon biyu a jere, yadda suka zo. Djafarou ya yi salati, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza laka a yatsunsa.

"Na farkon yaushe ne?"

"Waccan Juma'ar. Na sa shi a shiri."

"Mun kunna," in ji Djafarou a hankali. "Ina wurin. Ga inda na zauna can, kusa da injin ruwa. Muka ji shiru-shiru, wani ya ce wayar ce, aka jijjiga ta. Sai aka sa waƙa."

Sallaou ya so ya yi bayani, ya ce kwamfutar ce, ya ce a kunnensa ya ji lafiya lau. Ya duba fuskar yaron ya ga bayanin ba shi da wurin zama. Sai ya miƙa masa wayarsa. Djafarou ya kira, ya matsa bayan wata bishiyar dabino. Sallaou yana jin shi yana cewa, "Inna, ni ne," daga nan bai ƙara jin magana ba.

Da ya dawo da wayar ya yi godiya. Bai zargi kowa ba, ya ce haka Allah ya rubuta. Har bakin titi ya raka Sallaou, ya cusa masa dabino a aljihu. Wannan ya fi yi wa Sallaou ciwo a kan a ce zaginsa ya yi.

Ya sake gwada shirin bayan haka. Kafin ya tura sai ya aro wayoyin 'yan ɗakinsu ya saurara a kowace. Wani makon muryar ta fito, wani makon ta nutse, in kuma ya ɗaga ta da ƙarfi sai wani huci ya rufe maganar kamar ana soya abu. Abdulbaƙi ya rubuta tambaya a inda masu Linuks ke taruwa. Wani ya amsa da Turanci cewa a turo wasu bayanai, aka tura, bai sake cewa komai ba. Tarin Sallaou ma ya ƙaru, yana katse shi a tsakiyar suna. Saƙonni suka ragu. Ya ji labari a gonaki an daina taruwa, kowa ya koma kallon gajerun bidiyo a wayar da ya samu.

Djafarou bai koma gida ba. Ya ce in ya tafi wa zai ciyar da jaririyar. Sallaou ya gan shi sau ɗaya a tasha, suka gaisa, kowa ya kau da kai.

Kwamfutar tana shagon Abdulbaƙi yanzu, a ƙarƙashin tebur tare da matattun wayoyi. Kwanakin baya wata mata daga Tasawa ta turo wa Sallaou saƙo, tana cigiyar ƙaninta. Ya saurara yana zaune a kan buhun siminti lokacin hutu. Ya danna zai amsa, tari ya sarƙe shi, ya goge. Da ya lafa ya sake dannawa ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, na daina. Ki nemi wani ya taya ki." Bai faɗi ko wane ne wanin ba, don shi ma bai sani ba. Magini ya ƙwala masa kira daga sama cewa kwaɓi ya ƙare. Ya sa wayar a aljihu ya ɗauki shebur.